Yadda na zuba layin wutar unguwa cikin kwamfuta

Aikina na kammala karatun injiniyan lantarki a Bauchi shi ne in gina layin wutar wata unguwa a Yelwa cikin kwamfuta, in gwada masa dabarun zamani kafin a kashe ko sisi. Na yi amfani da OpenDSS, manhajar kwaikwayon layin wuta da EPRI, cibiyar binciken lantarki ta Amurka, ta saki kyauta a 2008.

Yawancin layukan gwajin da ke zuwa da ita irin na can ne. Wutarsu sau 60 take juyawa a daƙiƙa, tamu 50. Su ƙaramar taransifoma suke ratayawa a falwaya ta ciyar da gidaje kaɗan. Mu guda ɗaya ce ke sauke kilobolt 11 zuwa bolt 415, ta ja waya har ƙarshen lungu. Dole na bi layin da ƙafa, ina ƙirga falwaya, ina rubuta kaurin waya, da inda mai walda yake, da inda injin niƙa yake. Wannan yawon ya fi zaman kwamfutar wuya nesa ba kusa ba.

A shagon wani mai ƙanƙara na ga abin da manhajar ba ta sani ba. Layi uku ne a bangonsa, ja, rawaya da shuɗi. Da firjinsa ya fara gurnani sai ya zare fis ya mayar kan mai ƙarfi.

"Baba, kullum haka?"

"Yaro, kowa ma haka yake yi."

Da na saka wannan ɗabi'a a manhajar, sai layi guda ya ɗauki kaya fiye da kima, gidajen ƙarshe suka faɗi ƙasa da bolt 200 maimakon 240 da ya kamata kowane layi guda ya kai wa gida.

Sola ma ta ba ni mamaki. A tsarin Turawa tana mayar wa layi wuta, tamu kuwa batir take cikawa. Da an kawo wuta sai inbatoci su hau caji tare da sumo da dutsen guga, taransifoma ta sha nauyi lokaci guda.

A gwajina, raba gidaje daidai a kan layukan uku, da mita mai aiko da bayani a bakin taransifoma, da jinkirta cajin inbata na 'yan mintuna, sun ɗaga wutar gidajen ƙarshe ba tare da an sayi sabuwar taransifoma ba.