Kafin ka rage saitin Counter-Strike 2, fara gano wane ɓangare ne ke jan ƙafa

Da zarar wasan ya fara sarƙewa, yawancin mutane sai su garzaya saitin hoto su mayar da komai ƙasa, amma FPS, wato adadin hotunan da wasan ke fitarwa a daƙiƙa ɗaya, ko gezau. Counter-Strike 2, wanda Valve ta fitar a Satumbar 2023 a kan injin Source 2, ya fi jingina da furosesa da ram fiye da katin hoto. Idan furosesa ce ta gaza, rage kyawun hoto ɓata lokaci ne.

Gwajin ba shi da wuya. Buɗe konsol, wato wurin rubuta umarni a cikin wasan, ka rubuta cl_showfps 1 don ganin lambar FPS, ka tsaya wuri guda a taswirar Dust II, ka lura da lambar. Sai ka rage girman hoto daga 1920x1080 zuwa 1280x960 ka sake dubawa. In lambar ta yi tsalle, katin hoto ne ya cika. In ba ta motsa sosai ba, matsalar tana wajen furosesa, ram ko zafi. MSI Afterburner, manhajar da ke auna aikin katin hoto, ma zai nuna: katin da ke aiki kashi 97 zuwa 99 cikin ɗari ya kai iyakarsa, wanda ke yawo a kashi 60 kuwa jiran furosesa yake.

In katin ne, fara da MSAA, saitin da ke gyara gefen abubuwa a hoto, domin yana cin ƙarfi sosai. Sauke shi daga 8x zuwa 2x. Kashe Ambient Occlusion, ka rage Shader Detail da Particle Detail, tunda hayaƙin gurneti da wutar molotob su ne ke jawo faɗuwar FPS daidai lokacin artabu. Inuwa kam kada ka kashe ta gaba ɗaya, inuwar abokin gaba takan tona shi kafin ya leƙo. FSR, wanda ke zana hoto ƙarami sannan ya faɗaɗa shi, yana ƙara gudu amma yana dusashe wanda ke nesa, a bar shi sai an rasa mafita.

Ɓangaren ram ne aka fi yin asara ba a sani ba. Sandar 16GB guda ɗaya ba ta kai sanduna biyu na 8GB ba, saboda biyun suna buɗe wa furosesa hanyoyi biyu. A uwar allo (motherboard) mai ramuka huɗu, galibi na biyu da na huɗu daga furosesa ake sa su. Sannan ram ɗin DDR4 da aka rubuta wa 3200 kan tashi a 2133 ko 2400 har sai ka shiga BIOS, wato saitin uwar allo, ka kunna XMP, zaɓin da ke ba ram cikakken gudunsa. Mutum ya biya kuɗin gudu, ya bar shi a kashe.

Sai zafi. Idan wasan ya fara lafiya, bayan minti goma sha biyar ya soma tangarɗa, duba ma'aunin zafi. Furosesa kan rage gudunta da kanta idan ta kusa digiri 95 zuwa 100. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara ya ƙarasa aikin. A hure ƙurar, a canza man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta, laftof kuma a ɗaga bayanta daga tebur, kar a ɗora ta kan katifa. Idan an ɗauke wuta laftof ta koma batir, gudunta zai zube komai saitin da ka yi.

Ƙananan kurakurai masu tsada: wayar allon kallo a sa ta jikin katin hoto, ba ramin uwar allo ba. Allon 144Hz, mai iya nuna hoto 144 a daƙiƙa, yakan zauna a 60Hz har sai ka canza a saitin Windows, alhali tazarar hoto da hoto milisakan 16.7 ce a 60, 6.9 a 144. Kashe V-Sync, kunna NVIDIA Reflex in katinka na NVIDIA ne. Bayan sabunta direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin hoto, wasan kan ɗan riƙa tsayawa a zagayen farko yayin da yake sake gina shader, wato umarnin zana hoto, wannan yana wucewa.

In kuma FPS yana sama amma harsashi na makara, ko ana jan ka baya, wannan ping ne: jinkirin da nisan da ke tsakaninka da sabobin wasan na Turai ko Johannesburg ke jawowa. Wayar intanet maimakon Wi-Fi za ta rage rawar layin, nisan kuwa yana nan.