Fentin manifol ɗin Fijo 504 a iskar Legas

Ƙarfen zubi yana riƙe mai a ƙananan ramukan jikinsa, shi ya sa fenti ba ya zama a kan manifol, wato ƙarfen zubin da ke tattara hayaƙin inji zuwa salansa, sai an fitar da man nan tukuna. Na ga haka da idona lokacin da nake tayar da tsohuwar Fijo 504 ta mahaifinmu, haɗin Kaduna, a garejin wani dattijon bakanike a Agege.

Notunan sun ci tsatsa sosai, sai muka jiƙa su da man sassautawa suka kwana. Kan injin 504 alminiyom ne, in ƙusa ta karye a ciki, aiki ya koma sabo. Da manifol ɗin ya fito, na bi shi da burushin waya da sanfefa har ƙarfen ya koma ruwan toka, sannan muka ɗora shi kan garwashin gawayi a hankali. Wani baƙin maiƙo ya riƙa tsattsafowa daga wurin da na rantse ya fita tas. Muka bar shi ya huce da kansa, domin ruwan sanyi yana tsaga ƙarfen zubi mai zafi.

Na so in bar fentin sai gobe, dattijon bakaniken ya hana.

“Yarona, a Ikko ba a kwana da ƙarfe tsirara. Kafin asuba ya yi ja.”

Gaskiyarsa. Laimar garin nan da gishirin teku ba sa jira, balle da damina. Nan take na goge shi da tina, na rufe fuskar da gaskit ke zama, na fesa.

Fentin jikin mota ba ya aikin nan, domin manifol yana haura digiri 500 in ana tafiya. Na sayo fenti mai jure zafi a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo, kuma sai da na karanta adadin digirin a jikin gwangwanin, ban tsaya ga maganar mai shago ba. Shafi uku marasa kauri na yi, babu farama, wato fentin ƙasa da aka saba fara shafawa.

Zafi ne ke ƙarasa kama fentin. Bayan mun ɗaura, injin ya yi minti 10 a tsaye, ya huce minti 20, aka ƙara minti 20, ya sake hucewa, sannan na hau titi. Hayaƙi da wari sun tashi, kuma haka ya kamata.

Damina ta wuce, tsatsa ba ta dawo ba sai a mahaɗar bututun salansa, inda ruwan titi ke fantsama. Nan zan sake gogewa da rani.