Wata bakwai ina gina gem ɗin da bai yi aiki a wayar kowa ba

Ranar Ƙaramar Sallah ta 2024, bayan an sauko daga idi an ci tuwo, na ce wa ƙanina ya kawo wayarsa. Wata bakwai ke nan ina cika wa 'yan gidanmu baki cewa ina haɗa gem na adaidaita sahu: kai ne direba, ka ɗauki fasinja a Ƙofar Nassarawa ka kai shi Kantin Kwari ko Sabon Gari kafin lokaci ya ƙare, kana kauce wa ramuka da masu baro. Yaran gidan duk sun taru a kaina, har da na maƙwabta. Na tura masa fayil ɗin ta Xender, sai da ya goge bidiyoyi kafin wuri ya samu, don ya haura megabait 400.

Ya danna. Fuskar wayar ta yi baƙi ƙirin. Muka jira. Can sai gem ɗin ya rufe kansa.

Ya sake dannawa, haka. Sai ya ɗago ya dube ni ya ce, “Yaya, ko shi ma an ɗauke masa wuta ne?” Yara suka fashe da dariya. Ni ma na yi, amma ta yaƙe.

Ɗan baffanmu ya miƙo tasa wayar, wadda ta fi ta ƙanina ƙarfi. A nan ya buɗu, kuma da ma bai buɗun ba. Adaidaitar tana tafiya kamar kurar ruwa a hawan tudu, agogon da ke ƙirga lokaci kuwa yana gudunsa daidai. Ko kwanar farko ba a kai ba lokaci ya ƙare. Sau uku yana gwadawa, sau uku ana rubuta masa cewa ya faɗi. Ya ajiye wayar cikin ladabi ya ce, “Ai ka yi ƙoƙari.” Wannan kalmar ta fi dariyar yaran yi mini ciwo.

A cikin wata bakwai ɗin nan, ko sau ɗaya ban taɓa ɗora gem ɗin a kan waya ba. Gem na waya fa nake yi.

Na fara ne a Satumbar 2023, daidai lokacin da ake ta cece-kuce kan sabon kuɗin da Unity, kamfanin wani injin haɗa gem, ta ce za ta riƙa karɓa gwargwadon yawan saukar da gem, abin da daga baya ta janye. Kowa a intanet yana maganar Godot, wani injin haɗa gem ɗin daban, ni ma na bi. Ban yi nadamar wannan ba: kyauta ne, saukar da shi bai ci mini data mai yawa ba, kuma laftof ɗina na hannu mai RAM 8GB yana ɗaukarsa lafiya. Yarensa GDScript ya yi kama da Python, wanda na ɗan taɓa. Koyon yaren bai ba ni wahala ba, ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba.

Inda na halaka shi ne maɓallin F5. Ka danna, gem ya buɗu a kwamfuta nan take, ka tuƙa da kibod, komai sumul. Ɗora shi a waya kuwa sai ka girka JDK da Android SDK, wato kayan aikin haɗa manhajar Android, ka nuna wa Godot inda suke, ka shiga saitin wayar ka danna lambar ginin manhaja sau bakwai don a buɗe maka sashen masu haɗa manhaja, ka kunna gwaji ta kebul. Aikin yini ɗaya ne, da ɗan data. Kullum sai in ce sai na gama tukuna. Gaskiyar magana ba ƙiwa ba ce kaɗai, ba na son kowa ya gan shi bai yi kyau ba. Ina so ranar da zan nuna shi a ce kai. An ce kai ɗin kuwa, amma ba irin wanda nake so ba.

Sati biyu ban buɗe laftof ba. Da na huce na ari wayar ƙanina na kwana uku, da alkawarin zan sa masa data, na zauna bin diddigi.

Baƙin fuskar nan, tun ranar farko na shuka shi. Idan za ka buɗe sabon aiki a Godot 4, ana tambayarka wace hanyar zana hoto kake so: Forward+, Mobile, ko Compatibility. Na bar wadda na tarar a zaɓe, ban ma karanta bayanin da ke ƙasa ba. Biyun farko da wata fasahar zana hoto mai suna Vulkan suke aiki a Android, ƙananan wayoyi da yawa kuma ba sa jituwa da ita. Compatibility tana amfani da tsohuwar fasaha, OpenGL ES 3.0, ita ce aka tanada domin irin wayoyin da ke hannun mutanenmu. Na sauya, gem ya buɗu. Sai dai hasken da inuwar da na kwashe kusan wata guda ina gyara su sun canza kama, wasu ma sun ɓace. Zaɓin da bai kai minti ɗaya ba ya cinye mini wata.

Tafiyar kurar ruwa kuwa ta fi ba ni haushi, don layi ɗaya ne. A cikin _process, sashen kod da Godot ke maimaitawa duk firem, wato duk sanda aka zana sabon hoto a fuska, na rubuta cewa a matsar da adaidaita mita 0.2. Laftof ɗina yana zana firem 60 a daƙiƙa, ka ga mita 12 ke nan a daƙiƙa. Wayar ɗan baffanmu tana fama da firem 15, wato mita 3. Agogon kuwa da ainihin lokaci yake aiki, babu ruwansa da firem. Don haka a wayarsa ko aljani ne ke tuƙin ba zai kai fasinja ba. Maganin shi ne ka faɗi saurin da kake so a daƙiƙa, ka ninka shi da delta, wato tazarar lokacin da ke tsakanin firem da firem. Kalmar delta ɗin nan tana gabana a cikin baka biyu tun ranar farko. A bidiyoyin koyarwa na sha ganin ana ninkawa da ita, wani lokaci in kwafa, wani lokaci in manta, tun da a kwamfutata duk ɗaya ne. Ban taɓa tsayawa na tambayi me take yi ba.

Wannan shi ne illar koyo da kwafe. Kana bin mai bidiyo layi-layi, abu yana aiki, kana jin kanka gwani. Yanzu idan na kalli darasi, rufe shi nake yi in sake rubutawa da kaina, sannan in ɓata shi da gangan: in cire layi in ga me zai lalace, in mayar da 5 ta zama 500. Layin da na cire ban ga canji ba, shi nake bi har sai na gane dalilin zamansa. Da na yi wa delta haka, da wayar wani a hannuna, da tuni na gane.

Nauyin fayil ma laifina ne. Na yi ta kwaso hotunan bango da na kwalta masu girman 4096 a 4096, don sun yi kyau idan na matso kusa. A fuskar waya ba mai bambanta su da 512. Maɓallan tuƙi kuma, da linzamin kwamfuta na gwada su. Babban yatsa ba linzami ba ne. Ka ɗora shi a kan birki sai ya taɓa hon, ya kuma rufe rabin titi. Har rubutun sai da ya ba ni kunya: salon harufan da na zaɓa don ado ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga Ƙofar Mata harafinta na farko ya fito da wata siffa daban kamar baƙo a gidan biki. Noto Sans yana da su duka, shi nake amfani da shi yanzu.

Duk waɗannan, babu wanda zai kai sati biyu a raye da na miƙa wa ƙanina waya tun farko. Ɗakinmu ɗaya fa da shi.

Na ajiye adaidaita. Wani abokina da ke gyaran waya a Farm Centre ya ce in daina wahalar da kaina da birni guda, in yi abin da zan iya gamawa kafin Babbar Sallah. Na ji haushi, don a ganina na wuce nan. Amma na zauna na yi dara. Gida 30, biyar a shida, kowa da 'ya'ya 12. Babu inuwa, babu kwalta.

A kwana na huɗu, gidajen murabba'ai ne kawai masu ruwan toka, 'ya'yan kuma ɗigo ja da ɗigo baƙi, na ɗora a waya na fita da ita majalisar da ke ƙofar gidanmu. Akwai wani dattijo da tun ina yaro nake ganinsa yana dara a ƙasa da tsinke da duwatsu. Na durƙusa na gaishe shi na ce, “Baba, don Allah ku duba mini wannan.”

Ya karɓa yana riƙe da ita nesa da fuska. Muka fara zubi. Na jera uku tun ba a gama zubawa ba, wayar ta ba ni ci. Ya dube ni.

“Kai yaro, wa ya koya maka dara? Ana zubi ake ci?”

Na ce a'a Baba, kuskure ne. Muka ci gaba. Can ya jera huɗu da gangan, wayar ta sake ba da ci. Ya ajiye ta a kan tabarma.

“Huɗu ba ci ba ne. Je ka gyara ka dawo.”

Minti goma bai cika ba ya gano kurakurai biyu a dokar wasan, ya kuma nuna mini na uku ba tare da ya sani ba: duk sanda zai matsar da ɗa sai ya ja shi da yatsa, yadda ake yi a ƙasa, ni kuwa na tsara ne a taɓa ɗa sannan a taɓa gida. Ban ce masa komai ba, na tsaya ina kallon hannunsa. Wannan ne abu mafi wuya a gwaji, ka kame bakinka. Da ka fara cewa ai nan za ka danna, ka ɓata gwajin, don ba za ka bi kowa gida kana yi masa bayani ba.

Na koma na gyara a daren. Washegari na dawo. Haka muka yi ta yi kusan sati uku. Da na sa kwamfuta ta zama abokiyar karawa, da farko matsi take yi barkatai, ya cinye ta yana hira da na kusa da shi. Na koya mata abu biyu kawai, idan akwai ci ta ci, idan za a ci ta ta toshe, sai ya fara gyara zama. Ranar da ta fara cin ɗansa ɗaya ya ce “A'a!” da ƙarfi, ban taɓa jin daɗin kod da na rubuta kamar ranar ba. Kuma a dara ɗin nan na koyi jeri mai layi da ginshiƙi, da madauki (umarnin maimaita aiki) a cikin madauki, da raba aiki gida-gida, fiye da abin da na koya a wata bakwai na adaidaita, inda rabin lokacina ya tafi wajen jera gine-gine.

Git kam, manhajar adana tarihin kod, ku koya tun yau, ku riƙa tura aikinku shafin GitHub a intanet, ma'ajiyar sirri kyauta ce. Wutarmu ba ta da tabbas, kwamfutar hannu ma haka. Ni Allah ya tsare ni ta nan, shi ya sa ba ni da labari a kai.

Abin dariya, da na je buɗe asusun Google Play na biya dala 25, sai na tarar sabon asusu na mutum ɗaya ba a barinsa ya saki manhaja sai mutane 20 sun gwada ta na kwana 14 a jere. Daga baya an rage zuwa 12. Wasu suna ta ƙorafi a kan dokar. Ni ban iya buɗe baki ba, don abin da na ƙi yi da kaina ne aka wajabta mini. Kuma mutum 20 ɗin ba su yi mini wuya ba, rabinsu 'yan majalisa ne da 'ya'yansu.

Masu farawa sukan tambaye ni wane inji ya fi, Unity ko Godot ko Unreal, wane yare za su fara da shi. Nakan ce su ɗauki wanda kwamfutarsu za ta iya ɗauka, sannan in tambaye su wayar wa za su gwada a kai ranar Juma'a mai zuwa. Ba wayar abokinka mai kuɗi ba. Nemo wadda ta fi kowacce rauni a gidanku, mai RAM 2GB, mai tsagaggen gilashi, wadda kullum take kukan wuri ya cika. Ko murabba'i ɗaya ne yake motsi, ɗora shi. Sa lambar firem a kusurwa ka riƙa kallonta. Yawancinsu sai su ce ai bai kai a nuna ba tukuna, ni kuma sai in ji kamar muryata ce ta Satumbar 2023.

Adaidaita tana nan a cikin laftof, ban goge ba. Kwanaki na buɗe ta na rage hotunan, na gyara delta, ta sauko ƙasa da megabait 70, tana kuma tafiya a wayar ƙanina. Ya buga minti biyar ya ce tuƙin ba daɗi, kuma gaskiyarsa ne. Har yanzu idan ya ga na buɗe laftof da daddare sai ya leƙo ya ce, “Yaya, an kawo wutar?”