Tarin da Ya Ƙi Jin Magani

A Zariya, idan tari ya daɗe a ƙirjin mutum, kowa likita ne. Wannan ya ce sanyi ne, a dafa citta da kanumfari. Wancan ya ce ƙurar hunturu ce, damina na sauka zai wuce. In aka ga mutum ya soma ramewa, sai a rage murya a ce tibi ne, a kai shi Saye. Zaton ba laifi ba ne, don tarin fuka ya yi yawa a ƙasar nan, kuma cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa tana nan Saye kusa da mu, ana gwaji da ba da magani kyauta. Sai dai akwai wata cutar da ke zuwa da kamanni iri ɗaya sak: tari, rama, kasala, kakin jini. Ita ce dajin huhu, wanda wasu ke kira kansar huhu. Mu ba mu saba jin sunanta ba, amma a duniya babu dajin da ya kai ta kisa. A shekarar 2022 kaɗai an ƙiyasta mutum kusan miliyan 2.5 ne suka kamu, kimanin miliyan 1.8 suka rasu.

Ni a jikin kawuna na san ta, Allah Ya jiƙansa. Direban babbar mota ne, ya fara shan taba tun yana yaron mota, ya daina bayan ya sauke farali. Da ciwo ya zo, jinya ta faɗo kaina saboda ni ne wanda ya yi boko a gidan. Ku matasa, da yawanku haka za ta kasance muku, za a miƙo muku takardar asibiti a ce ku karanta ku yanke shawara. Shi ya sa nake so ku ji inda na kauce.

Na farko, kemis. Ruwan maganin tari, kafso kala-kala, allura, duk na saya. Kowane ya ɗan kwantar da tarin kwana biyu, sai mu ce an samu sauƙi. Ƙa'idar ma'aikatan lafiya a fili take, tarin da ya wuce mako biyu na gwaji ne, ba na kemis ba.

Na biyu ya fi ciwo. Da muka je wani asibiti, aka gwada kakinsa da na'urar GeneXpert, ba a ga ƙwayar tibi ba. Amma hoton ƙirji ya nuna tabo, aka ɗora shi a kan maganin tibi bisa zato, abin da akan yi wani lokaci idan alamomi sun yi ƙarfi. An gaya mini ƙarara in ba a ga canji ba mu dawo. Ban koma ba. Na riƙe cewa maganin tibi wata shida ne, don haka sai an cika wata shida za a yi magana. Kullum da asuba ni ke ba shi ƙwayoyin nan da hannuna, ina yi masa faɗa in ya yi nawa, ina ganin ni mai kula ne. Alhali mai tibin gaskiya yakan fara jin daɗin jikinsa cikin makonnin farko, zazzaɓin dare ya ragu, cin abinci ya dawo. Kawu kuwa wuyan rigarsa sai ƙara faɗi yake yi, muryarsa ta dushe kamar mai mura, kafaɗarsa ta dama tana hana shi barci. Har kofinsa muka ware, na silba, Inna ta ɗaura masa jan zare a hannu don kada yara su sha da shi. Dajin huhu ba a ɗaukarsa, ko da kofi ko da numfashi. Mun ware bawan Allah a banza, kuma na ga yadda yake kallon kofin nan in an ajiye masa.

Abin da ya sa cutar ke yin nisa kafin a farga shi ne, tsokar huhu kanta ba ta jin zafi yadda fata ke ji. Ƙari na iya girma a ciki shiru, sai ya taɓa bututun iska, ko rigar da ta lulluɓe huhun, ko ƙashi, sannan jiki ya yi ƙara. Don haka ku lura da tarin da ya canza sauti, da jini a kaki ko da ɗigo ne, da dushewar murya da ta ƙi wucewa, da haki a tafiyar da mutum ya saba yi, da ciwon nimoniya da ke dawowa gefe guda, da kan yatsu da ke kumbura farce ya lanƙwashe. Kuma ku sani mutum na iya samun tibi da daji a lokaci guda. Samun ɗaya bai kore ɗayan ba.

Daga baya muka isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake da likitocin ƙirji da sashen kula da masu ciwon daji. Aka yi hoton siti sikan, likita ya ce sai an ciro ɗan nama daga ƙarin an duba. Nan ma na ja da baya. Duk mun taso muna jin cewa daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi sai ya fantsama. Dangi suka taru a zaure, kowa ya kawo labarin wani da aka yanka ya mutu, ni da ya kamata in tsaya sai na bi yawu. Muka tafi neman na gargajiya, jarka bayan jarka, kuɗin da za su isa gwaji suka tafi can. Gaskiyar magana, wanda aka ce an taɓa shi ya mutu, mafi yawa ciwon ya riga ya ci jikinsa kafin a kai shi. Ciro naman nan, ko ta siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta hanci ko baki, ko ta allura a ƙirji, shi kaɗai ke tabbatar da daji ne, kuma wane iri. Irin ya kasu manya biyu: mai ƙananan ƙwayoyi, wanda ke gudu da sauri amma bai cika yawa ba, da ɗayan da ya kai kusan kashi 85 cikin ɗari. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ma waɗanda ake samun wani canji a ƙwayar halittar ƙarin, irin wanda ake kira EGFR, su ƙwaya kawai suke haɗiya kullum. Ba gwaji, ba yadda za a sani. Sannan akwai mataki, daga 1 zuwa 4. A na farko tiyata na iya raba mutum da cutar. A na huɗu, lokacin da ta tsallaka ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa, kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, da gashin ƙari da na'ura sai dai su rage gudunta su sauƙaƙa wahala. Kawu a na huɗu muka kai shi.

Ba na cewa a bar addu'a ko rubutu. Mun yi, kuma sun riƙe mana zuciya. Amma hadisi ya ce a nemi magani, bai ce a guji asibiti ba.

Kuskuren da har yau yake tashe ni da dare shi ne ɓoyo. Na roƙi likita kada ya faɗa masa. Na ce wa iyalinsa ruwa ne ya taru a ƙirji, kuma akwai ruwan, an ma zuƙe shi da bututu, don haka ƙaryar ta zauna daidai. Na ɗauka tausayi ne. Wata rana bayan la'asar ina gyara masa matashi, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan nan, wai ni yaro ne?" Na ce, "Kawu, me kuka gani?" Ya ce, "Na ga kana fita waje in za ka amsa waya." Mutumin da ya yi shekaru yana karanta fuskar 'yan kamasho a tasha, ni zan ɓoye wa abu? Ya riga ya sani, abin da na hana shi kawai shi ne damar yin magana a kai. Yana da bashi da ake binsa da wanda yake bi, yana da filin da bai rubuta shaidarsa ba, yana da ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa ga-maciji. Da na faɗa masa gaskiya sai ya fi ni natsuwa, ya aika aka kira wanda zai kira, ya yi wasiyya. Amma ƙarfinsa ya riga ya tafi, wasu abubuwan bai kai gare su ba. Ba cewa nake a faɗa wa mara lafiya gatsau ba. A tambaye shi ko yana so ya ji duk abin da likita ya ce, a bar shi ya zaɓa, a samu babba ko malamin da yake girmamawa ya zauna. Jikinsa ne, kuma lahirarsa ce.

Ɓoyon nan ya cuce mu ta wajen kuɗi ma. Tunda ba wanda ya san girman abin, ba wanda ya kawo taimako daidai da shi. Ashe ƙungiyarsu ta direbobi na da asusun da suke agaza wa juna, kuma masallacin unguwa da ya sani da an yi gidauniya. Manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin walwalar marasa lafiya, ku neme shi tun ranar farko, ku tambayi ko akwai rangwame a maganin kemo. In mara lafiyar yana cikin inshorar lafiya ta tarayya ko ta Jihar Kaduna, KADCHMA, ku je ku ji abin da ta ɗauka da abin da ba ta ɗauka ba kafin ku sayar da gona. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su Medicaid Cancer Foundation da Project PINK BLUE da ke wayar da kai da tallafa wa masu ciwon daji. A benci wajen jiran likita ma za ku samu ilimi, don waɗanda suka riga ku shiga layin sun san inda magani ya fi araha da ranar da ake ganin wane likita.

Maganar taba ba zan tsawaita ba, kun sha ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin ɗari na dajin huhu daga taba yake, kuma wanda ya daina, bayan shekara 10 haɗarinsa na raguwa zuwa kusan rabin na mai sha. Shishar da ake zuƙa a Samaru da Kongo ana ganin wayewa ce, hayaƙin taba ne da na gawayi, ruwan tulun ba ya raba shi da guba. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta hana sayar da kara ɗai-ɗai, amma ku leƙa teburin mai shayi ku gani. Abin da nake roƙo shi ne kada ku tsaya kan mara lafiya kuna cewa shi ya jawo wa kansa. Kuma kada ku ce Hajiya ba ta taɓa shan taba ba don haka ba zai zama daji ba. Hayaƙin sigarin miji, hayaƙin dizal, shekaru a rufaffen madafi kan itace, duk suna taɓa huhu.

In har ta kai matakin da ba warkewa, jinya ba ta ƙare ba. Ku tambayi likita maganin ciwo mai ƙarfi, har da morfin na sha. Mun ji tsoronsa muna cewa ƙwaya ce, muka bar Kawu yana kwana zaune, alhali in likita ya tsara shi yana rage zafi da hakin ma. Yana ɗaure ciki, don haka a karɓo maganin bayan gida tare da shi. A jingina mara lafiya da matasai, a buɗe taga ko a sa fanka ta riƙa hura masa fuska, a ba shi kunu ko fate kaɗan-kaɗan ba tare da tilas ba. Ku raba kwana a tsakaninku, kada a bar wa matarsa ita kaɗai har ta faɗi. Ku sayi littafi guda na 'yan makaranta, duk wanda ya raka shi asibiti ya rubuta abin da likita ya ce, da sunan magani, da ranar komawa, a ajiye shi cikin leda ɗaya da hotunan ƙirji da sakamakon gwaji.