Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Makullin da Na Miƙa da Hannu Biyu

Makon jiya na bar ku a inda ciwon baya ya kwantar da ni wata ɗaya da rabi. Ƙanena na Marwa ya kira ni ya ce in tsallake abin da ya biyo baya, wai ya wuce, kuma har yau matanmu na zuwa suna da biki a gidan mutanen. To ban tsallake ba. Ba shi aka karɓe wa makulli a gaban yaran mota ba.

Watan Afrilu ne na 2019. Wanda ya san Garwa ta arewacin Kamaru ya san wannan wata, lokacin da ƙarfen ƙofar mota ba ya taɓuwa da azahar. Na tafi gareji ina dogara sanda, katin asibiti a aljihu. Tun daga bakin ƙofa na hango motata, na ga an cire carbin da na rataya a madubi. A ƙarƙashinta kuma, kan tabarmata, ƙanen amaryar Alhaji, mai motar da nake ja, ne kwance. Yaron da ni na koya wa yadda ake sauko gangaren Mbe da kaya ba tare da an ƙona birki ba.

Alhaji yana zaune a inuwar darbejiya. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗana, ya ƙarfin jikin?"

"Da sauƙi, Alhaji. Na dawo aiki."

"A'a, ka huta tukuna. Jiki ba ƙarfe ba ne. Ɗayan makullin nan da ke wurinka, ba yaron nan."

Na ciro na miƙa da hannu biyu. Ya sa hannu a aljihu ya ba ni sefa 20,000, ya ce a yi cefane. Shekara goma sha uku ke nan suka ƙare, babu wasiƙa, babu dalili, babu ko kalmar kora. Har godiya na yi.

Ɗana. Wannan kalma ita ta cinye ni. A 2006 da na fara ja masa mota, na ɗan yi maganar takarda, sai ya yi dariya ya ce, "Tsakanin ɗa da uba har da takarda?" Kunya ta kama ni kamar na yi sata. Alhali Baba, Allah ya ji ƙansa, da ya yi rayuwarsa yana fawa a babbar kasuwa, abin da yake faɗa mana kullum shi ne: ko ɗan'uwanka ne, ɗora masa a sikeli, gyara ta biyo baya. Muna yara mun ɗauka maganar nama ce kawai.

Azumi ya shigo a watan Mayu ina zaune. Duk Litinin sai in je gareji, a ce Alhaji ya tafi Ngaundare, ko yana barci. Albashin wata uku na farkon shekarar ma ba a ba ni ba. Sallah ta zo, uwargida ta sayar da kwanukan aurenta ta ɗinka wa Auta da yayyenta. Ba ta ce min komai ba, wanda ya fi min zafi a kan ta yi faɗa. Daga nan na roƙi Kawu na Yelwa, da yake sa'an Alhaji ne, ya je ya yi masa magana ta manya. Kawu ya dawo ya zauna ya daɗe yana jan gemu, sannan ya ce, "Ɗan nan, mutumin ya ce kana sayar masa da gazuwal, man motar, a hanya."

Ni! Ni da a 2014, bayan an sace 'yan Sin ɗin nan a Waza, direbobi da yawa suka ajiye makulli suka ce ba su ƙara bin Mora zuwa Dabanga, na ci gaba da bin ayarin sojoji har Kusuri, in haye gadar Ngeli in sauke masa kaya a Injamena. A ƙarshen shekarar nan wata huɗu ya riƙe min, ya ce kasuwa ta mutu, "ɗana, in hanya ta gyaru zan haɗa maka." Ban taɓa tuna masa ba. Ɗa ba ya bin uba bashi.

Maganar gazuwal ita ta kashe kunyar. Akwai wani dattijo a layinmu da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ya taɓa zama wakilin ma'aikata a can. Bayan la'asar na same shi na kwashe komai na gaya masa. Abin da ya fara tambaya shi ne, an ba ka a rubuce? Na ce ko takardar ɗaukar aiki ba ni da ita, balle ta kora. Ya ce wannan ba ya kashe magana. Dokar ƙwadago ta Kamaru, wadda aka sa wa hannu ranar 14 ga Agusta 1992, ta yarda a tabbatar da cewa mutum ya yi aiki ta kowace irin hujja, ko da da baki aka ɗauke shi. Kuma mai sallamar ma'aikaci dole ya sanar da shi a rubuce, ya faɗi dalili. Ciwo kuma, in likita ya shaida, dakatar da aiki yake yi har wata shida, ba ya yanke shi. Sai ya ce, "Amma kada ka nufi kotu, kada ka nufi jandarma. Ƙofar farko ofishin sufeton ƙwadago ne. In sulhu ya gagara a can, shi zai ba ka takardar rashin sulhu, da ita ake shiga kotu. Kuma shari'ar ma'aikata ba a biyan kuɗin buɗe ta."

Na dawo gida ina cewa ina zan samo hujja. Uwargida ta shiga ɗaki ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado, wadda na ɗauka turaren wuta take ajiyewa a ciki. Ashe duk lokacin da za ta wanke min kayan tafiya, takardun da ta tarar a aljihu ba ta zubarwa. Takardun rakiyar kaya masu sunana da hatimin Alhaji, rasit na sikelin hanya, na kwastan, wasu sun yi ja, wasu mai ya ɓata su, duk suna ƙamshin turare. Mafi tsufa ta 2007 ce. Matar da ba ta yi boko ba ko na kwana ɗaya. Na ce mata, "Me ya sa kika tara waɗannan?" Ta ce, "Malam, na ga da hatimi a jiki." 'Yar mahauta ce ita ma, ta fi ni jin maganar Baba.

A Enspeksiyo, kamar yadda muke ce wa ofishin, sufeton mutumin kudu ne. Faransancina na hanya ne, na shingen 'yan sanda, sai wani ma'aikaci ya riƙa juya mana da Fulatanci. Ya baje takardun a tebur yana jera su shekara-shekara, ya tambayi albashina, na ce 90,000 na sefa. Ya ɗauki biro.

Wa'adin sallama, ga mai matsayina da ya haura shekara biyar, wata biyu ne, tunda ba a ba ni ba sai a biya: 180,000. Kuɗin sallama kuma, wanda sai ka cika shekara biyu kake da shi, hawa-hawa ne: kashi 20 cikin ɗari na albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, kashi 25 a biyar na biyu, kashi 30 daga ta sha ɗaya zuwa ta sha biyar. Nawa ya tashi 283,500. Wata uku na bana, 270,000. Hutu kwana ɗaya da rabi a kowane wata, wanda ni ban ma san ana yi ba, hutuna shi ne ranar da mota ta lalace. Ya ce in Alhaji ya tsaya a kan maganar gazuwal, sai ya kawo hujja, don babban laifi yana zubar da wa'adi da kuɗin sallama, kuma alƙali ne mai cewa laifi ya kai babba ko bai kai ba. In kuma kotu ta ga korar zalunci ce, diyya ba ta gaza albashin wata uku, ba ta wuce wata ɗaya a kan kowace shekarar aiki.

Ina jin lissafin nan ƙirjina na buɗewa, sai na kawo maganar wata huɗun 2014. Ya ƙirga da yatsu, ya girgiza kai. Bashin albashi shekara uku doka ta ba mutum ya nema. Nawa ya wuce. Sefa 360,000, kuɗin hanyar Dabanga, kuɗin daren da muka kwana a ƙarƙashin mota muna jin harbi, sun tafi saboda an ce min ɗana.

Sai ya tambayi lambata ta CNPS, hukumar fanshon ma'aikata. Na ce wace lamba? Mai fassarar ya dube ni ya kawar da kai. Fansho sai mutum ya kai shekara 60 da wata 180 na zubi. Wata 156 na yi wa Alhaji, ko ɗaya ba a rubuta ba. Wannan maganar tana da nata kashi, don har yau ban gama da ita ba, kuma in na fara ta yanzu ba zan yi barci ba. Ina da shekara 48 a ranar, baya ya riga ya tafi.

Ƙanena na Marwa yana cewa da na yi haƙuri da Alhaji ya neme ni da kansa. Wataƙila. Shi dai albashinsa na faɗowa ta banki, da takarda duk wata.

Aka buga takardar kira aka sa rana. Dattijon jirgin ƙasa ya ja min kunne cewa in an miƙo min wata takarda a gareji wai ta "an gama lissafi", kada in sa hannu, ko da yake doka ba ta ɗaukar wannan a matsayin yafe haƙƙi. Na ɗauki takardar kiran da kaina, ban aiki kowa ba. Na same shi a inuwar darbejiyar nan. Na gaishe shi a tsaye, karo na farko tun da na san shi, na miƙa masa. Ya ba akawunsa ya karanta masa. Gareji ya yi tsit, har mai walda ya kashe injinsa. Alhaji ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Kai direba, ni za ka kai ƙara?"

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda zaman ya kasance, da wanda ya shigo ofishin a bayan Alhaji a matsayin shaidarsa. Kawu na Yelwa ne.