Inda na kai a harshen Indonesiya: "carry" ɗaya a Turanci, ɗauka iri-iri a can

Assalamu alaikum abokan koyo. Makon nan fi'ili ɗaya na tsaya a kansa, wato "carry" na Turanci. Kusan duk littattafan da muke samu ta Turanci suke koyar da harshen Indonesiya, kuma da sun zo kan wannan kalma sai su ba ka membawa su wuce. Daidai ne. Membawa ita ce uwar ɗauka, tana kuma cin ma'anar kawowa da kaiwa. "Saya membawa buku" na nufin na ɗauko littafi ko na zo da littafi. A hirar yau da kullum sukan yar da gaban kalmar su ce bawa kawai, har ma ka ji an ce "bawa mobil" ga wanda yake tuƙa mota.

Amma da ka fara karanta labarai za ka ga membawa ba ta isa ba. Mutanen Indonesiya suna duba da wace gaɓa aka ɗauki abu, kamar dai yadda mu ma muke rarrabe goyo da saɓawa da ratayawa. Shi ya sa na ajiye Turanci gefe a wannan darasi, na koma rubuta Hausa kai tsaye a bayan katunan haddata, kuma ina ba ku shawara ku gwada haka.

Wadda ta fi zauna mini ita ce memikul. Ku tuna ɗan garuwa: sanda a kafaɗa, garwa a gaba, garwa a baya, yana tafiya da ɗan sassarfa sandar tana lanƙwasa. Wannan shi ne memikul, sandar kuma sunanta pikulan, galibi ta gora ce. Da ita masu haƙar farar wuta a dutsen Ijen, a gabashin tsibirin Jawa, suke hauro da kwanduna biyu daga cikin ramin dutsen, nauyin yakan wuce kilo 70. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa, ana cewa "memikul tanggung jawab", ɗaukar nauyin da ya rataya a wuyan mutum. Idan kuwa babu sanda, buhu ne ko bindiga aka saɓa a kafaɗa, memanggul ake cewa.

Menggendong goyo ne, sai dai nasu ya fi namu faɗi, don ya haɗa da ɗaukar yaro a kwankwaso ko a gaba, a ɗaure da wani dogon ƙyalle mai suna selendang. Akwai mata masu tallar maganin gargajiya na sha da ake kira jamu, suna goya kwandon kwalabe a baya suna bi gida-gida, har aka sa wa sana'ar suna jamu gendong. Jaka ko leda da aka riƙe a hannu tana reto, menjinjing ce ko menenteng. Abin da aka matse a hammata, mengepit. Gawa a makara da mutane da yawa suka ɗauka, mengusung.

Sai menjunjung, ɗauka a ka, irin yadda matan tsibirin Bali suke jera 'ya'yan itace a kai zuwa wurin ibadarsu. Wannan kalma na daɗe a kanta saboda girman da take da shi a wajensu. A ranar 28 ga Oktoba 1928 matasa daga tsibirai daban-daban suka taru a Batabiya, wadda ita ce Jakarta ta yanzu, suka yi alkawarin da ake kira Sumpah Pemuda. A batun ƙasa da na al'umma sun yi amfani da mengaku, wato amincewa, amma da suka zo kan harshe sai suka ce "menjunjung bahasa persatuan", sun ɗora harshen haɗin kai a ka. Idan da membawa kaɗai mutum ya sani, ba zai ji nauyin wannan jimla ba.

Wurin da ake shan wahala shi ne neman waɗannan kalmomi a ƙamus, domin ƙamusun da aka buga da saiwar kalma suke jera su, haka ma babban ƙamusun harshen Indonesiya, KBBI a taƙaice, wanda ya fara fitowa a 1988. Dole ka iya cire ɗafa-goshin meN-, wato mem-, men- ko meng- ɗin da kake gani a gaban waɗannan kalmomi. A bawa, gendong da junjung harafin farko yana nan daram: membawa, menggendong, menjunjung. Amma haruffa huɗu, k, p, t da s, narkewa suke yi. Pikul ta zama memikul, tenteng ta zama menenteng, kepit ta zama mengepit. Don haka kada ku je neman "mikul" a ƙarƙashin m. Dabarar da nake bi ita ce in haddace kowace kalma tare da siffarta mai di- a gaba, wadda ke nuna an yi wa abu aikin, don a nan saiwar take fitowa cikakkiya: dipikul, ditenteng, dikepit. Wani karin maganarsu ya taimaka mini ƙwarai, "berat sama dipikul, ringan sama dijinjing", mai nauyi a saɓa tare, marar nauyi a riƙe tare.

Ku kula kuma da "carry out" da "carry on". Babu ruwansu da wannan dangi, melaksanakan da melanjutkan ne, aiwatarwa da ci gaba.

Mako mai zuwa zan shiga bambancin membawa da membawakan, wato kawo wa wani abu, wadda ake kuma faɗa wa mawaƙin da ya rera waƙa a gaban jama'a. Kafin nan, kowa ya tsaya bakin kasuwar garinsu ya rubuta jimla biyar da harshen Indonesiya a kan masu ɗauke da kaya, da sharaɗin kada membawa ta fito ko sau ɗaya, sai mu gyara wa juna.