Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yusufu da Kalmomi 3,500

Assalamu alaikum masu biye da ni. A makon jiya na tsaya ne a inda Allah ya haɗa ni da shagon abincin Baba Ma, a wani lungu na unguwar Musulmi da ke bayan Hasumiyar Ganga a birnin Xi'an na ƙasar Sin, shagon da ya raba ni da shayi da burodi safe da dare. Yau labarin ɗansa zan ba ku, yaron da na yi wata bakwai ina fama da shi, shi ma yana fama da ni.

Watan Nuwamba ne na 2018, sanyi ya fara shiga ƙashi. Abincin da na fi so a shagon shi ne paomo. Gurasa ce mai tauri ake ba ka, ka zauna kana gutsuttsura ta da yatsu har ta koma kamar ƙwayar wake, sannan a kai kicin a zuba mata romon rago. Aiki ne mai cin lokaci, sai ido ya yi ta yawo. A haka na lura da wani yaro a teburin ƙarshe kusa da ƙofar kicin, da ɗan littafi a hannu, leɓensa na motsi, yana rangaji gaba da baya kamar almajiri a gaban allonsa. Na ɗauka tilawa yake yi. Da na wuce wanke hannu na leƙa, ashe kalmomin Turanci yake haddacewa, kowace da ma'anarta da Sinanci a gefe. A lokacin kalma wajen 3,500 ake son ɗalibi ya sani kafin jarrabawar shiga jami'a, wadda suke kira gaokao.

Musulman Sin 'yan ƙabilar Hui suna da sunan makaranta, suna kuma da sunan Musulunci da liman ke raɗa musu. Nasa Yusufu ne, da shi kuma na riƙa kiransa.

Wani dare Baba Ma ya ajiye mini kwano, bai koma ba, ya ja kujera ya zauna. Ya ce, "Musa, an ce a ƙasarku da Turanci kuke karatu tun kuna yara?" Na ce haka ne, Baba. Ya ce lissafin yaron nan lafiya lau, kimiyya ma ba laifi, Turanci ne ke ja masa ƙafa. Ya kawo maganar kuɗi, na ce a'a. Takardar zamana ta ɗalibi ce, ba ta aiki ba, kuma mutumin da yake ƙara mini nama a romo ba tare da na tambaya ba, da wane ido zan karɓi kuɗinsa? Muka shirya a kan yammacin kowace Lahadi, don ita kaɗai makaranta take sakin su. Shi kuma Yusufu zai riƙa duba mini karatun Sinancina.

Sai na ɗan yi muku bayanin jarrabawar, in ba haka ba za ku ga kamar mun ɗauki abin da zafi ba dalili. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, a lokacin ranakun 7 da 8 ga Yuni ake rubuta ta a lardinsu. Maki 750 ne gaba ɗaya, Turanci yana da 150, ana rubuta shi da yammacin rana ta biyu daga ƙarfe 3 zuwa 5. A takardar da lardinsu na Shaanxi yake rubutawa a lokacin, fahimtar karatu tana da maki 40. Nassi huɗu ne, A zuwa D, da tambaya 15, kowace maki 2. Sai wani nassin da aka zare masa jimla 5, a ba ka 7 ka mayar da kowace gurbinta, biyu su rage na yaudara. Yusufu yana fita gida kafin bakwai na safe, ba ya dawowa sai wajen goma na dare bayan karatun dare na makaranta. A bangon ajinsu akwai allon da ake rage kwana ɗaya kullum.

Lahadin farko ban koyar da komai ba, cewa na yi ya yi nassi ɗaya in gani. Bai ko kalli labarin ba. Tambayoyin ya fara karantawa, ya ja layi a ƙarƙashin kalma ɗaya a kowace, sannan ya ɗora yatsa a kan nassin yana gudu da shi yana neman kalmar, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Inda ya same ta sai ya tsaya, ya karanta layin, ya zaɓi amsa. Minti shida ya gama, ya ci uku cikin huɗu. Na kife takardar na ce, "To Yusufu, labarin me ka karanta?" Ya yi shiru, kunnuwansa suka yi ja. Can ya ce, "Laoshi, ba a tambayar wannan a jarrabawa." Laoshi shi ne malam a bakinsu.

Abin ya taɓa ni, don kaina na gani. Haka muka yi da WAEC a Zariya, muna farautar layin da ya yi kama da tambaya mu kwafe shi. Sai da na shiga jami'a na gane cewa ban iya zama da shafi guda in ji abin da mai rubutu yake faɗa ba. Saboda haka na yanke hukunci nan take: daga yau babu farauta. Na kawo masa gajerun labarai, muka riƙa karantawa a tsanake, jimla bayan jimla, ba agogo, ba tambayoyi. Yaron mai biyayya ne, ya bi.

A jarrabawar wata ta Disamba lokaci ya ƙure masa. Nassi na huɗu ko karanta shi bai yi ba, canki-canka ya yi. Makinsa na karatu ya sauko daga 26 zuwa 20, sunansa ya gangara a jerin da ake liƙawa na ɗaliban shekararsu. Baba Ma bai ce mini uffan ba. Ya ajiye kwanon kamar kullum, naman ma bai ragu ba, amma bai ja kujera ba. A daren nan na kasa barci. Na zo da ilimina na rushe wa yaro dabarar da malamansa suka yi shekara biyu suna gina masa, ban tsaya na tambayi dalilinta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malaman nan sun san agogon zauren jarrabawa, ni ban san shi ba.

Lahadi ta gaba na ba shi haƙuri a gaban mahaifinsa, sannan na roƙi aron littafin kurakuransa. Wannan al'ada ce ta ɗaliban Sin da nake fatan yaranmu su ɗauka. Duk tambayar da ka faɗi sai ka yanko ta ka manna a littafi na musamman, ka rubuta amsarka da ta gaskiya da jan biro, ka riƙa komawa kai. Na Yusufu ya kumbura har ba ya rufuwa. Mako guda na yi ina bin sa shafi-shafi a ɗakina, da na gama sai na ga kusan duk faɗuwarsa a rami biyu take.

Ramin farko doguwar jimla. Wannan kuwa wahalar da nake sha da Sinanci ce ta buɗe mini ido. Mu Hausawa muna cewa "mutumin da ya sayi dokin da na gani a kasuwa jiya ya kwanta rashin lafiya." Mutumin ne a gaba, bayaninsa yana biye da shi kamar jela, kuma Turanci ma haka yake jerawa. Sinanci kuwa duk bayanin yake tarawa a gaba, ya sa wata 'yar kalma "de", sannan mutumin ya fito a ƙarshe. Yusufu da kansa ya sha ce mini, "Laoshi, ka yi haƙuri har ka ga de, wanda ke bayanta shi ake nufi." Na rubuta masa jimlar dokin nan da Turanci na ce wa ya kwanta? Ya ce dokin. Kowace kalma ya san ta, amma jelar ta ɓatar da shi, sai ya manna aikin ga sunan da ya fi kusa. Na ce to abin da ka koya mini shi za ka juya: a Turanci wanda ake magana a kansa shi yake fara fitowa, ka riƙe shi da hannu ɗaya, ka kewaye jelar da fensir, ka tsallaka ka nemo aikinsa. Mun yi wata biyu kowace Lahadi sai mun feɗe jimla goma a haka kafin mu taɓa wani abu. Da farko takardar takan cika da zane, a hankali zanen ya koma cikin kansa.

Rami na biyu shi ne tambayoyin da ke neman ra'ayin marubuci ko manufar nassin. A nan farauta ba ta aiki, don masu shirya tambaya sukan ɗauko kalmomin sakin layi na farko su yi amsar ƙarya da su, alhali marubucin ya juya magana a sakin layi na uku da "however" ko "but". Na rasa yadda zan nuna masa nauyin waɗannan ƙananan kalmomi, sai na ba shi labarin binciken aure a garinmu. Na ce in dattijo ya je tambayar halin saurayi, maƙwabci zai ce yaron kirki ne, yana gaida mutane, ba ya wasa da salla, sai dai kuma... Duk abin da aka faɗa kafin "sai dai" ladabi ne, abin da ya biyo baya shi dattijon zai kai gida. Yusufu ya fassara wa mahaifinsa. Baba Ma ya ajiye ludayi yana dariya, ya ce wallahi su ma haka suke yi. Ranar ce ya sake jan kujera ya zauna da mu.

Agogo ma na dawo da shi. Nakan ajiye wayata a tsakiyar tebur, minti 35 na sashen gaba ɗaya, kamar yadda malamar ajinsu ta tsara musu. Abu ɗaya na ƙara: kafin ya kalli tambaya zai bi nassin da sauri, ya faɗa mini a jimla ɗaya abin da mai rubutun yake so. Bayan haka ya yi farautarsa yadda ya saba, don a nassin A mai kama da talla ko sanarwa, farautar ce daidai.

Ko hutun sabuwar shekararsu, da ta faɗo 5 ga Fabrairu, kwanaki kaɗan ya samu. Da saura kwana 100 makaranta ta tara su a fili suka yi rantsuwar dagewa, ya dawo murya a dushe.

Wata Lahadi cikin Afrilu ba zan manta da ita ba. Nassin gwaji ne a kan wani gari da ya rufe ƙaramin ɗakin karatunsa ya mayar da wurin ma'ajiyar motoci. Marubucin ya jero hujjojin hukumar garin cikin ladabi, bai zagi kowa ba. Ina kallon wayar, sai na ga fensirin Yusufu ya tsaya. Ya ɗago ya ce, "Laoshi, mutumin nan haushi yake ji." Na ce a ina ya faɗa? Ya ce bai faɗa ba, amma dubi yadda ya ƙare da tsohuwar da take zuwa kullum ta tarar da ƙofa a kulle. Tun Nuwamba nake jiran wannan. Yaron da yake ganin nassi tarin kalmomi ne ya ji muryar mutum a ciki. Na kashe agogon, muka bar sauran tambayoyin, na sa ya karanta mini sakin layin ƙarshen da ƙarfi har sau biyu.

Azumi ya kama a farkon Mayu, na koma buɗa-baki a shagon, Baba Ma yana ajiye mini jan dabinonsu a faranti. Ƙaramar Salla ta zo saura 'yan kwanaki jarrabawa, Yusufu ko ziyarar dangi bai je ba. Ɗalibai miliyan 10.31 ne suka yi rajista a faɗin ƙasar a 2019, shi ɗaya ne a cikinsu.

Ranar Asabar 8 ga Yuni Baba Ma ya rufe shago, abin da ban taɓa gani ba, ya ce in raka shi. 'Yan sanda sun tare titin gaban makarantar, an hana danna hon. Iyaye sun cika gefen hanya da lema, wasu uwaye sanye da jar rigar gargajiya don fatan nasara. Baba Ma hannunsa na cikin aljihu, ina jin ƙarar carbinsa. Awa biyu muka yi a tsaye, maganar da muka yi ba ta wuce uku ba.

Ƙarfe biyar ta wuce kaɗan aka buɗe ƙofa, yara suka kwararo, wasu na ihu, wasu na kuka. Yusufu ya fito a hankali da 'yar jakar fensirinsa mai nuna abin da ke ciki. Ya fara gaida mahaifinsa, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Gege, na karanta D har ƙarshe." Gege yaya ke nan, kuma ranar ya fara kirana da shi. Da muka koma shago ya shiga ciki ya ɗauko ɗan littafin kalmomin nan, bangonsa duk ya mutu, gefensa ya yi baƙi da maiƙon romo, ya miƙo mini da hannu biyu. Yana cikin akwatina har yanzu.

Sakamako bai fito ba sai bayan mako biyu da 'yan kwanaki, kuma a cikin kwanakin jiran ne aka bugo mini waya daga Zariya cewa jikin Inna ya tashi. Daga nan za mu ɗora mako mai zuwa in Allah ya kai mu.